Baba Mounkaila da Kan Jirgi Mai Lamba Sha Huɗu

Kullum in an sallame asuba a masallacin unguwar Guéma, kafin masu koko su gama dama gasara, Baba Mounkaila ya riga ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba ya hau keke. Guduma mai dogon ƙota tana ɗaure a bayan keken, wata siririyar igiya kuma tana naɗe a aljihun gabansa. Ba ya doguwar gaisuwa a hanya, hannu yake ɗagawa ya wuce. Yana isa gar, tashar jirgin ƙasa ta nan Parakou, sai ya jingine keken a gindin dalbejiyar bakin depo, inda ake kwana da jirage ana gyara su, ya bi kawunan jiragen da suka kwana ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙwanƙwasa kowace ƙafa da guduma, ya karkata kai ya saurara. Ya dafa jikin injin da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro. Ya dangwali man da ya ɗiga ƙasa, ya murza, ya shinshina. Sai ya gama duk wannan yake zuwa rumfata ya sha koko, a tsaye, don shi bai iya zama ba.

Shekara talatin da huɗu yana haka, tun zamanin jirage masu cin itace har zuwa masu shan gazuwal, wato man dizal. Ran Asabar da ta wuce ya yi zagayensa na ƙarshe. Jibi Juma'a kamyo, babbar motar kaya, zai kwashe shi da kayansa zuwa Djougou, garinsu, inda ko taku ɗaya na layin dogo babu. Shi ya sa nake sauri. Ina rubutun nan a kan murfin bokiti, mai yana kan wuta, idona ɗaya a kan takarda ɗaya a kan hanyar da 'yata ke dawowa. In kun ga magana ta yi tsalle, ku yi haƙuri, ina so ne ya ji ta tun yana cikinmu.

Ni ce Tsahara mai koko da soyayyar doya a bakin gar. Ba ni kaɗai na san aikinsa ba, don haka bari in fara da bakin wasu.

Labaran, mai gadin ƙofar depo, ya ce wata safiya jirgin fasinja ya cika maƙil zai tashi Cotonou, har an busa usur. Baba ya buga wata ƙafa ta gaba, ya sake bugawa, sai kawai ya zagaya ya zauna a kan layi, gaban jirgin. Shef, shugaban depo, ya fito yana duba agogo yana cewa, "Kamarad Mounkaila, juyin juya hali ba ya jiran kowa!" Baba ya ce, "Haka ne, kamarad shef. Amma wannan ƙafar ta tsage, ita ma ba za ta jira Cotonou ba." Aka goge maiƙon wurin, aka tarar da tsaga siririya kamar gashi. Labaran ya ce mutum wajen ɗari uku suka yi ta zaginsa ta taga saboda ya ɓata musu lokaci, har suka tafi da wani kan jirgin ba su san abin da ya yi musu ba.

Issaka, dillalin shanu, ya ce ranar da injin ya mutu da tsakar rana da shanu a cikin taragu, rufin ƙarfe ya ɗau zafi, dabbobi sun fara kumfar baki, Baba ne ya kwance tayar kekensa ya yanki robar ciki ya ɗaure bututun da ya fashe. Jirgi ya tashi. Baba ya koma Guéma a ƙasa, yana jan keke. Issaka ya aika masa da cinyar sa, ya raba wa leburori.

Waɗannan na manya ne. Yaran gar kuwa da wani abu dabam suka san shi: jiragen gwangwani. Da azahar, lokacin hutu, yakan zauna a kan dutse da almakashi da dalma da gwangwanayen madara da na sardin, yana ƙera kawunan jirage ƙanana. Kowanne kwafin wani jirgi ne na gaske da ya taɓa gyarawa. Yadda yake yi shi ne, ya auna babban da igiyar nan tasa, ya ninka ta biyu, ya sake ninkawa, har sau biyar. Abin da ya rage a tafin hannunsa, shi ne tsawon na gwangwani. Haka zai yi wa tsayi, haka faɗi, haka kowace taga. Bai taɓa yin lakwal ba, wato makarantar boko, amma injiniyoyin da ke zuwa daga Cotonou sukan ɗauki jiragensa su juya su, su jinjina kai.

Ni dai da can haushin jiragen nan nake ji, kuma ga dalili.

Mijina Iliassou direban jirgi ne. Sanƙarau ya ɗauke shi shekara uku ke nan. Tagwaye muka haifa, Hassana da Housseina. Hassana ta riga uban tafiya, tana da wata goma. Har yau a Albarika, unguwarmu, Uwar-biyu ake kirana, ina amsawa, amma ɗaya gare ni. Housseina tana da shekara bakwai. Abin da ya rage mata na ubanta hoto ne guda: yana tsaye a ƙofar ɗakin direba, kusa da kafaɗarsa ga lambar tagulla, sha huɗu.

Bayan depo, tsallaken layi, akwai tsofaffin kawunan jirage uku da aka ajiye tun da sababbi suka zo. Da damina Housseina ta hango ɗaya yana ɗauke da lamba sha huɗu. Shi ke nan. Ana tashi daga lakwal ta zo rumfata, in juya in tsame doya, in waiwayo ba ta nan. Ta tsallake layi biyu ta je ta zauna a matakalar jirgin tana ba shi labarin abin da aka koya musu.

Wanda bai zauna a gar ba yana zaton jirgi ne abin tsoro. Jirgi yana da ƙara, yana da oda. Abin tsoro tarago ne da aka turo shi kaɗai lokacin haɗa kaya. Yana tahowa a hankali, ba inji, ba sauti, sai ka ji shi a jikinka. Wata la'asar na ji Labaran ya ƙwala ihu irin wanda ban taɓa ji ba. Na bar mai a wuta na ruga. Na tarar ya finciko ta da wuyan riga, suna kwance su biyu a kan tsakuwa, taragon auduga yana wucewa ta gefensu. Silifarta ta dama tana kan layi, ta rabu biyu. Rabin yana cikin akwatina har yanzu.

Na doke ta. Ba na alfahari da wannan. Ta gama kuka ta ce, "Gun Babana na je." Na bar ta a Albarika wurin maƙwabciya, ta sulale ta tako har gar a ƙasa. Na ɗaura bakin zanenta a nawa, ta kwance ƙullin ina ba wani canji. Na daina barci, na daina gane gishirin miya.

Ran nan na ga ta tsaya tana kallon Baba yana yanka gwangwani, sai abin ya taso mini. Na je na tsaya a kansa da matsamin doya a hannu.

"Baba, don Allah ka daina wannan abin a gaban yara. Kai kake sa musu son layi. Ni ɗaya ta rage mini."

Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye almakashi ya ce, "Uwar-biyu, doyarki na ƙonewa. Je ki sauke, ki dawo mu yi magana."

Da na dawo ya ce, "Yarinyar nan ba layi take so ba, ubanta take nema. Kawo mini hoton. Zan ƙera mata jirginsa ta ajiye a ɗaki." Ya juya ga Housseina. "Kamarad Housseina, kin yarda?"

Ta ce, "In bai yi kama ba ba na so, tsoho mai guduma."

"Ji mini shef! To, sannu da tsanani."

Washegari na kawo hoton. Ya sa tabaransa mai ɗaurin zare, ya kai hoton rana, ya daɗe yana ƙirga wani abu da bakin ashana. Ya ɗauki igiyarsa ya tsallaka. Bai yi minti goma ba ya dawo, igiyar ko warware ta bai yi ba.

"'Yata, wancan ba jirgin Iliassou ba ne."

Na ce, "Ga lamba a jikinsa."

"Lambar tasa ce, jirgin ne ba nasa ba. Dubi hoton. Bayan ɗakin direba tagogin shan iska bakwai ne. Wancan biyar gare shi, ƙirar baya ce, hancinsa ma ya fi tsawo."

Labaran ne ya tuna yadda aka yi. Bara waccan, gab da bikin juyin juya hali, an kawo 'yan aikin gayya na ranar Asabar suka shafe jiragen uku da koren fenti, suka zana jan tauraro a goshin kowanne. Lambobin tagulla kuwa sai suka kwance su duka suka zuba a daro ɗaya da ruwan tsamiya da toka don su yi ƙyalli. Da suka zo mayarwa, wadda hannu ya kai kanta ita aka ɗaura. Sun yi kyau, kowa ya tafa, babu wanda ya duba. Baba yana jinya a lokacin, da ya dawo kuma hankalinsa yana kan masu tafiya, ba ajiyayyu ba.

Ashe wata huɗu 'yata tana sa ranta a kan layi don ta gai da jirgin wani.

Ni mace ce mai neman abin da zai yi aiki. Na rage murya na ce, "Baba, ka ƙera wancan ɗin da ta sani, ka rubuta sha huɗu. Shekararta bakwai. Ina za ta gane?"

Ya ce, "Yau ba za ta gane ba. Wata rana za ta ajiye shi kusa da hoton ta ƙirga tagogi, don 'yar Iliassou ce. Ranar za ta daina yarda da ni, ta daina yarda da ke, ta koma layi neman na gaskiya ita kaɗai. Ni ban taɓa sa wa jirgi ƙarfen da ba nasa ba, ba zan fara a kan marainiya ba."

Na ji haushi, amma na yarda mu je neman na gaskiyar.

Da rana ta take, lokacin da ba a tura taragu, muka tsallaka mu huɗu. Labaran a gaba da jan tutarsa, ni na riƙe hannun Housseina har ta ce ina ji mata ciwo. Sauran jirage biyun duk tagogi bakwai gare su, iri ɗaya, fenti ɗaya. Baba ya hau na farko ya leƙa ɗakin direba ya sauko. Ya hau na biyu, wanda ke can ƙarshe cikin ciyawa, gilashi a fashe, kaji sun yi ƙwai a kujera. Sai muka ji ya yi dariya.

"Ku hawo. Uwar-biyu, da wane hannu mijinki yake ɗaukar kaya?"

"Bahago ne."

"Duk direbobin nan ni na yi musu ƙugiyar rataye butar shayi, duk a dama. Mutum ɗaya ya dame ni sai na mayar masa hagu." Ya nuna. Ga ƙugiya nan a hagun taga, fenti ya rufe ta. Ya zaro wuƙa ya kankare ƙarƙashinta a hankali. Ɗigo biyu suka fito, an buga su da ƙusa, kusa da juna. "Ranar da aka haifi tagwaye ya ari gudumata. Ya ce yana so in yana tuƙi yana ganinsu."

Ban san da wannan ba. Shekara biyar muna tare Iliassou bai taɓa faɗa mini ba. Housseina ta sa yatsa a kan ɗaya, ta sa a kan ɗayan, ta tambayi wanne ne ita. Baba ya ce na kusa da taga, mai son leƙe.

Muna saukowa na ƙirga layukan da muka tsallako. Na ce, "Baba, ka kashe ni. Da layi biyu take tsallakawa. Wannan huɗu ne."

Na ga abin ya shige shi. Ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ce, "Kamarad Housseina, mu yi alkawari irin na ma'aikata. Ki ba ni Juma'a uku. Ƙafarki ba za ta taɓa layi ba. In na cika, kin samu jirgi. In kin karya, in mayar da gwangwanin mazubin barkono."

Ta ce, "In kai ka karya fa?"

"Ki karɓe gudumar."

Juma'a ukun nan ban san yadda na yi su ba. Ya dawo da dutsensa gefen rumfata don ta riƙa zama kusa da shi. Shi yake tsallakawa ya auno, ya dawo su ninka igiya tare tana ƙirgawa da ƙarfi. Duk da haka in tarago ya bugi tarago sai matsami ya faɗi daga hannuna. Sau biyu na gan ta a bakin shinge, yatsun ƙafarta a kan tsakuwa, tana kallon can. Ba ta taka ba. Ana cikin haka Labaran ya zo da labarin da ya ƙarasa tsinka ni: za a jawo ɗaya daga cikin ukun a girke shi a gaban gar don tarihi, sauran biyu masu yankan ƙarfe za su zo musu. An zaɓi mai dogon hanci, don fentinsa ya fi kyau. Na ce a raina, ranar da yarinyar nan ta ga wuta a jikin jirgin ubanta, ba alkawarin da zai riƙe ta.

Labaran ne ya ga shigar Baba biro, wato ofishin shef, da hoton a hannu. Shef ya ce masa kamfani zai yi masa kyautar sallama, rediyo ko sabon keke, ya zaɓa. Baba ya ce shi ba ya son ko ɗaya, a mayar wa kowane jirgi lambarsa, a jawo sha huɗu na gaskiya.

Shef ya ce, "Wancan ruɓaɓɓen? Kamarad, talakawa ba za su san bambanci ba."

Baba ya ce, "Akwai talaka ɗaya mai shekara bakwai da ta sani."

Shef ya dubi hoton, ya ce in ƙafafun sun juya, a jawo. Shekara biyu ba su motsa ba. Baba ya yi kwana shida a ƙarƙashin jirgin da man shafawa da guduma, a makonsa na ƙarshe na aiki, lokacin da wani zai zauna yana karɓar gaisuwa. Ran Asabar suka juya. Yanzu sha huɗu yana tsaye a gaban gar, ta wajen titi, taku ashirin daga kaskona, ba layi ko ɗaya tsakaninsa da 'yata.

Baba Mounkaila, kai ne mai kunnen da ƙarfe ke gaya wa ciwonsa. Kai ne ka zauna a kan layi aka zage ka, ka tashi ka kaɗe wando ba ka nemi a ba ka haƙuri ba. Na zo maka da faɗa ka tuna mini doyata. Na roƙe ka ka yi wa 'yata ƙarya don ina tsoro, ka ƙi, ka ɗauki wahalar gaskiyar a bayanka, kwana shida a kwance kan tsakuwa da shekarunka. Za ka koma Djougou da tsohon kekenka mai facin taya saboda mu. Na sani, ko ba ka faɗa ba.

Jiya ya kawo na gwangwanin, naɗe a tsumma. Bai kai kamu ɗaya ba. Housseina ta ajiye shi kusa da hoton ta ƙirga tagogi, bakwai. Ta rufe ido ɗaya ta leƙa ɗakin direba. Ga ƙugiya ta tsinken keke a hagu, ƙarƙashinta ɗigo biyu da bakin allura.

Ta ce, "Ya yi, tsoho. Riƙe gudumarka." Sai ta tambaye shi, "A Djougou akwai jirgi?"

"Babu."

"To me za ka riƙa saurara da safe?"

Ya ɗauki gudumar, ya jujjuya ta a hannu.

Na gode, Baba. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ku kuma samarin depo da kuka gaji wurinsa, ku riƙa ƙwanƙwasa kowace ƙafa ko ana duba muku agogo, in kun kwance lamba ku mayar da ita inda kuka same ta, don ba ku san wa ke neman ta ba. Iyaye 'yan'uwana masu sana'a a bakin gar, in yaro ya nace wa wuri, ku tambaye shi abin da yake nema kafin ku ɗaga hannu. Ni sai da tsoho ya koya mini.

Mutanen Djougou, jibi za a sauke muku wani dattijo da keke da guduma da igiya a aljihu. In kun gan shi da safe a bakin hanya ya karkata kai yana sauraren kamyo mai wucewa, kada ku ce tsufa ne. Ku gaishe shi, ku ba shi koko, kuma kada ku matsa masa ya zauna. In ya ce wa direba ya tsaya, to direban ya tsaya.

Bari in ajiye alƙalami, an tashi daga lakwal. Ga ta can a matakalar sha huɗu da na gwangwanin a cinya, tana ba su labari su biyu. Tarago ya buga yanzun nan a bayan shinge, na ɗaga kai kamar kullum. Tana nan.